Wanda Aka Bar wa Gadin Jiragen Ottmar

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Ubangijin da ya halicci zuciya, ya sanya mata son abin da take so, babba ne ko ƙarami, sa'an nan ya jarrabe ta da rabuwa da shi. Tsira da aminci su tabbata ga Manzanninsa baki ɗaya. Muna roƙonsa ya daidaita mana harshe a kan wannan labari.

A wani ƙaramin gari da ke gindin tsaunukan Shwaben, a kudancin Jamus, an yi wani dattijo mai suna Ottmar Kienzle. Aikinsa juya wa jiragen ƙasa layi ne a tashar garin, har tsufa ya sa ya ajiye. Amma jiragen da suka mallake masa zuciya ba waɗancan manyan ba ne. Ƙanana ne, irin waɗanda kan jirgi ɗaya bai wuce tafin hannu ba, masu gudu da lantarki a kan siririn layin dogo. Tun yana saurayi yake tara su. Ɗakin da ke ƙarƙashin gidansa ya mayar da shi ƙasa guda a kan faffaɗan tebur: ga tsaunuka, ga gadoji, ga kogon da jirgi ke shiga ya ɓulla ta wancan gefe, ga tasha da fitilunta. Jiragen nasa ne, amma ƙasar aikin hannun matarsa ce, Irmgard. Ita ke tsinto gansakuka a daji ta busar ta mayar da ita bishiyoyi, ita ke yi wa 'yan mutanen tasha fenti da bakin tsinke, alhali kowane ɗan mutum bai kai ƙwayar wake ba.

Shinge ɗaya ya raba lambunsa da na Gottlob Haug, tsohon mai gasa burodi, ƙaton mutum mai saurin hawaye, wanda tasa matar ta daɗe da rasuwa. Tare suka yi makaranta, tare suka shiga ƙungiyar masu ƙananan jirage ta garin, inda Gottlob yake magatakarda. Gaisuwarsu ta safe zagi ce, ta yamma ma zagi, kuma babu wanda ya taɓa ganin sun kwana da fushin juna.

Da kaka ta shigo, Allah ya karɓi ran Irmgard bayan gajeriyar jinya. Aka buga sanarwa a jaridar gunduma kamar yadda aka saba, da sunan titi da ranar binnewa da lokacinta. Kowa a garin ya san ba masu ta'aziyya kaɗai ke karanta wannan shafi ba, ɓarayi ma suna karantawa. Shi ya sa ba a barin gidan mamaci babu kowa ranar jana'iza. Maƙwabci ɗaya yakan haƙura da rakiyar gawa ya zauna gadi.

Da safiyar ranar Ottmar ya miƙa wa Gottlob makulli ta kan shinge.

"Ka zauna a kicin," ya ce. "Ka kunna rediyo, ka bar tagogi yadda suke, a ga akwai mutum a ciki. Kuma ban ce ka taɓa mini jirgi ba da waɗannan hannuwan naka masu kama da faranti."

"Ji tsohon banza," in ji Gottlob, yana share ido da bayan hannu. "Ni za ka koya wa gadi? Je ka binne matarka, Ottmar. Ko ƙuda ba zai shiga ba."

A maƙabarta, bayan limamin coci ya gama addu'arsa, mutane suka yi layi. Kowa ya ɗauki ɗan shebur ya zuba ƙasa a kabari, ya zo ya ba Ottmar da 'yarsa Dagmar hannu. Ottmar yana karɓar hannuwa ba ya ganin fuskoki. Can sai wani ƙato cikin baƙar kwat ya rungume shi yana kuka kamar yaro, ya jiƙa masa kafaɗa. Ottmar ya bubbuga masa baya. Hankalinsa bai kawo masa komai ba.

Sai da aka koma gidan abinci, aka jera kofi da wani burodi mai siffar kitso da suke ci bayan jana'iza, ya ɗaga ido ya ga Gottlob a ƙarshen tebur yana shafa wa nasa yanki man shanu. Kofin ya tsaya a hannunsa.

"Gottlob. Wa ke gidana?"

"Kwantar da hankalinka," Gottlob ya ce, bakinsa cike. "Na kulle ko'ina. Har marufan tagogi na sauke, duka."

Ottmar bai ɗauki hularsa ba. Mutanen da suka gan shi yana sauri a titi ranar sun ce ba su san yana da sauran gudu a ƙafarsa ba.

Ya tarar da gidan a rufe ruf da rana tsaka, kowace taga an sauke mata marufinta na katako, kamar gidan da masu shi suka yi tafiya. Ta bayan gida an fasa ƙaramar tagar ɗakin ƙasa. Ya sauka matakala yana dafa bango. Kantocin jikin bango, inda kawunan jirage ke jere, fayau. Taragai babu ko ɗaya. Wannan kaɗai ya isa musiba, amma ba shi ne ya tsayar masa da numfashi ba. Don su kai ga kantar sama, ɓarayin sun hau kan teburin da takalmansu. Tsaunin da ke da kogo ya rufta. Dajin Irmgard ya zama tabarma. 'Yan mutanen tasha sun warwatse a ƙasa, wasu babu kai, wasu sun nutse cikin sawun takalmi.

'Yan sanda suka zo su biyu. Ƙaramin cikinsu ya leƙa ɗakin ya ce, "Wato dai kayan wasan yara ne aka ɗauka, Herr Kienzle? Ba a taɓa talabijin ko zinariya ba?"

"Kayan wasa?" Muryar Ottmar ta cika ɗakin. "Kai, lokacin da na sayi kan jirgin da ke wancan gurbin, ubanka ma bai fara aske gemu ba! Fita mini daga nan kafin ka ƙarasa taka abin da suka bari!"

Babban ya ja ƙaramin baya, ya ce za su yi bincike, ya ƙara da cewa irin waɗannan kaya kan tsallake iyaka kafin gari ya waye, gara ya nemi kamfanin inshora. Bayan sun tafi Dagmar ta sauko, har yanzu da baƙaƙen kayanta.

"Baba," ta ce a hankali, "yau fa aka binne Mama. Mutane suna can suna jiranka, kai kana nan kana yi wa jirage ihu."

"Ita suka taka!" ya ce, yana nuna dajin. "Ba ki gani ba? Wadda muka sa a rami ta huta. Wannan ce ta rage mini, kuma ita suka hau da takalmi!"

Dagmar ta juya ta hau matakala.

Kashegari, don ta sanyaya masa rai, ta kawo masa jaridun kwanakin da bai samu karantawa ba, ta nuna masa sanarwoyin ta'aziyya da mutane suka buga. A cikinsu akwai ta ƙungiya, mai baƙin zagaye da ɗan hoton kan jirgi a sama. An rubuta cewa ƙungiya tana taya ɗan'uwanta Ottmar Kienzle juyayin rashin matarsa, wadda tare da ita ya tara taskar jirage mafi daraja a duk gundumar, a cikin gidansu. A ƙasa ga sunan magatakarda.

Ottmar ya fita da jaridar a hannu, da silifas ɗinsa na ɗaka, ya tsaya a bakin shinge.

"Haug! Fito!"

Gottlob ya fito, fuskarsa a kumbure, da alama bai runtsa ba. "Ottmar, wallahi tun jiya nake son in zo, ƙafata ta ƙi."

"Ta ƙi? Ai jiya ba ta ƙi ba! Jiya har maƙabarta ta kai ka!"

"Na zauna, Ottmar, na rantse na zauna. Na kunna rediyon. Sai na ji ƙararrawar coci ta fara bugawa. Matar nan tun da tawa ta mutu ita ke aiko mini miya duk Lahadi. Na ce ashe za a rufe ta ina nan zaune ina jin labarin wasan ƙwallo? Na ce in je in zuba ƙasa in dawo, ɗan lokaci ne."

"Ka dawo? A gaban burodi na gan ka!"

"Matar shugaban ƙungiya ce ta riƙe ni, ta ce ba a tashi daga jana'iza da yunwa."

"Ka kuma sauke marufan tagogi. Don me ba ka kafa allo a ƙofa ba, ka rubuta ku shigo, babu kowa?"

"Na ɗauka hakan ya fi tsaro."

"Ka ɗauka! Da wane kan? Wannan fa?" Ya buga jaridar a kan shinge. "Taska mafi daraja a gunduma, a cikin gidansu! Ka gaya musu abin da ke ciki, jarida ta gaya musu lokaci, sannan ka tashi ka ba su wuri. Saura ka riƙe musu tsani!"

"Don in girmama ta na rubuta. Duk ƙungiya ta amince da kalmomin."

"Ka girmama ta sosai. Sauka ka ga yadda aka girmama ta."

Gottlob ya ɗaga ƙafa zai zagayo. Ottmar ya ɗaga hannu.

"A'a. Ƙafarka ba za ta sake taka gidana ba. Makullina, Herr Haug."

Gottlob ya dube shi kamar an mare shi, don tun suna 'yan makaranta Ottmar bai taɓa kiransa da Herr, wato Malam, da sunan danginsa, yadda ake kiran baƙo ba. Ya laluba aljihu ya miƙa makullin.

Masana halin zuciya sun bayyana cewa fushi garwashi ne. Idan mai shi bai sami wanda ya cuce shi ba, yakan ɗora garwashin a kan wanda ya fi kusa da hannunsa. Ɓarayin ba su da fuska, ba su da suna. Gottlob kuwa yana da fuska, kuma kullum safiya ana ganinta ta kan shinge.

Ottmar ya shiga bin kasuwannin masu ƙananan jirage, waɗanda ake ci ranar Lahadi a zaurukan wasanni na garuruwa. Ya je na kusa, ya je na nesa. Yakan bi tebur tebur yana ɗaga kowane kan jirgi yana kifa shi, domin Irmgard ta ɗiga wa kowane nasa jan fenti a ciki. Bai ga ɗigo ko ɗaya ba. A wani gari ya kama wani baƙin kan jirgi mai kama da nasa ya ce wa mai tebur, "Ina ka samo wannan?"

"Wajen kakata," in ji mutumin. "Kai ɗan sanda ne ko mai saye? In ba saye za ka yi ba, ajiye mini kaya, Baba, kana shafa masa maiƙo."

"An kankare masa ciki! Ga alama nan!"

"Tsatsa ce, tsoho. Kai ma in an kifa ka za a ga irinta."

Mutane suka yi dariya. Ottmar ya ɗaga murya ya kira shi dillalin ɓarayi, har masu kula da zaure suka riƙe shi ta hannu biyu suka fitar da shi waje. Ya dawo gida cikin jirgin yamma yana huci shi kaɗai.

Saboda wannan yawo ya yi sakaci da kabari. A garin kuwa kabari lambu ne. Bayan furannin jana'iza sun bushe sai iyali su kwashe, su shuka na kaka, su riƙa zuwa ban ruwa, kuma matan gari suna lura da wanda ya kula da wanda bai kula ba. Ranar da Ottmar ya tuna ya tafi da kunya, yana tsammanin tarar da busassun ganye. Sai ya tarar an share, an daidaita ƙasa, an shuka furanni masu ruwan hoda a jere, har ƙasar da ɗanshinta. Wata tsohuwa da ke cika butar ban ruwa a famfo ta ce masa, "Ka yi sa'ar maƙwabci, Herr Kienzle. Kullum sai ya zo."

Da wani mutum ne, da wannan ya sauko da shi. Ottmar kuwa ji ya yi kamar an sake fasa masa taga. Ya durƙusa a kan kabarin matarsa, Allah ya kiyashe mu da aikin fushi, ya tumɓuke furannin ɗaya bayan ɗaya da saiwarsu, ya cusa a jaka, tsohuwar tana kallo baki buɗe. Da ya isa gida ya zazzage su ta kan shinge a kan matakalar Gottlob.

"Wurin da aka sa ka tsaro ka gudu," ya yi ihu ga rufaffiyar ƙofa, "wurin da ba a sa ka ba ka tare! Ka fita harkar matata!"

Labule ya motsa, amma ƙofa ba ta buɗe ba.

Da taron ƙungiya na wata ya zo, a ɗakin baya na gidan abincin garin, Ottmar ya miƙe ya nemi a kori magatakarda. Shugaban ƙungiya, wani tsohon malamin makaranta mai son zaman lafiya, ya gyara tabarau ya ce, "Ottmar, duk muna jin zafin abin da ya same ka. Amma dokarmu ba ta korar mutum don ya je jana'iza."

"To tana korar ɓarawo?"

Kowa ya juya ya dubi Gottlob.

"Wa ya san abin da ke ɗakina kanta kanta?" Ottmar ya ci gaba. "Wa ya san tagar baya ce mai rauni? Wa ya buga a jarida, wa ya rufe gidan ya tafi daidai lokacin? Ku tambaye shi nawa aka ba shi!"

Shi kansa da maganar ta fita ya ji ɗacinta a harshensa, domin ya san ƙarya ce. Amma ta riga ta fita, kuma girman kai ya hana shi bin bayanta. Gottlob ya miƙe a hankali. Wannan karon babu hawaye a idonsa. Fuskarsa ta yi ja har wuya. Ya cire ɗan bajen ƙungiya daga ƙirjin rigarsa ya ajiye kusa da kofinsa, ya ɗauki hularsa ya fita. Babu wanda ya dubi Ottmar har aka tashi.

Washegari da hantsi, sama ta yi duhu da hadari, Ottmar ya ji ƙarar baro a kan duwatsun gabansa. Ya leƙa. Gottlob ne yake sauke kwalaye a bakin ƙofarsa, masu launin ja da shuɗi da ruwan toka, yana jera su bisa juna. Jiragensa ne kaf, kowanne cikin kwalinsa na asali. Ya riga ya yi sawu da yawa, tarin ya kai ƙugu.

Ottmar ya buɗe ƙofa. "Mene ne wannan?"

"Biyan bashi," in ji Gottlob, bai dube shi ba. "Tunda ɓarawo ne ni, ga kayan. Ba su kai naka ba, amma su ke nan gare ni. Ka ƙirga, kada ka ce na rage."

"Ba na so! Kwashe tarkacenka!"

"Tarkace? Wannan koren da kake roƙona in sayar maka tun kafin a haifi Dagmar, yau shi ne tarkace? Riƙe, ka ci!"

Ottmar ya sunkuci kwalaye uku ya nufi shinge ya dire su a lambun Gottlob. Gottlob ya juya baro ya kwaso su ya dawo da su. Ottmar ya sake ɗiba. Haka suka yi ta yi, tsofaffi biyu suna haki, wannan ya kai wancan ya dawo, maƙwabta na leƙe ta bayan labule.

"Mai taurin kan jaki!"

"Buhun fulawa!"

"Ka tumɓuke furanni a kan kabarinta, Ottmar! Kai ko tsoron Allah babu!"

"Kai ka sa aka tattake ta!"

"Na sani!" Gottlob ya daka tsawa, har kare ya amsa daga ƙarshen titi. "Ka ɗauka ban sani ba? Da shi nake kwana, da shi nake tashi! Na bar gidan, na sauke marufai, na rubuta shirme a jarida. Duk na yi! Amma ɓarawo? Ni? A gaban mutane?"

Kafin Ottmar ya buɗe baki, ɗigon farko ya faɗo a kan kwalin da ke saman tari, ya yi baƙin tabo kamar kwabo. Na biyu ya biyo. Duk suka tsaya suna kallonsa.

Wanda bai zauna da waɗannan mutane ba zai yi mamaki, amma a wurinsu kwalin da jirgi ya zo a ciki daga masana'anta kusan ɗaya yake da jirgin. Ana adana shi shekara da shekaru, ba a bari rana ta ci launinsa, balle ruwa. Mai tara jirage zai iya kallon rigarsa ta jiƙe, amma ba zai iya kallon ruwa na dukan tsohon kwali ba, nasa ne ko na maƙiyinsa.

Ruwan ya sauko gaba ɗaya.

"Kwalayen, sakarai!" Ottmar ya yi ƙara. "Tsaye kake?"

Ya tuɓe rigarsa ta sanyi ya rufa wa tarin. Gottlob ya kife jikinsa a kan na cikin baro. Gidan Gottlob sai an zagaya shinge, ƙofar Ottmar kuwa ga ta a buɗe, matakalar ɗakin ƙasa na nan daga shiga. Ba wanda ya yi shawara da wani. Suka shiga jido da gudu, wannan ya sauka wancan ya hau, suna karo a matakala.

"Ta ƙasa ake riƙewa, ba ta murfi ba!"

"Ni za ka koya wa riƙon kayana?"

"Ka ce nawa ne yanzu!"

"Ka ce ba ka so!"

"Matsa mini, tumbinka ya tare hanya!"

Da kwali na ƙarshe ya shigo suna ɗigar da ruwa kamar an tsamo su daga kogi. Gottlob ya dire nasa, ya miƙe yana dafe da ƙugu, ya juya. Sai a lokacin ya ga teburin. Ottmar bai taɓa komai ba tun ranar. Tsaunin na nan a rufte, dajin a kwance, sawun takalmi a tsakiyar tasha.

Gottlob ya daɗe yana kallo. Sannan ya zauna a kan matakala ta ƙarshe. Bai yi kuka ba. Ottmar ya tsaya ta ɗaya gefen yana tsane gira da hannun riga, ba a jin komai sai ruwa a kan allon da aka toshe tagar da shi.

"Ba kai ka ɗauka ba," Ottmar ya ce daga bisani, yana kallon bango. "Na sani tun ranar."

"A gaban mutane ka faɗi waccan. A gabansu za ka faɗi wannan."

"Zan faɗa."

"Da ƙarfi. Shugaba ba ya ji sosai."

"Na ce zan faɗa! Amma ka bar gidan."

"Na bari."

"Kuma ban yafe ba. Kada ka ɗauka don na jiƙe saboda kwalayenka na yafe. Ban san ranar da zan iya ba."

"Ban roƙe ka ba."

Ottmar ya ɗauki wani jan kwali ya juya shi a gaban fitila. Kusurwa ɗaya ta sha ruwa ta yi laushi. Ya ja tsaki.

"Dubi aikinka. Wa ke fito da kwali cikin hadari in ba dolo ba? Sai an zare jiragen, a buɗe kowanne a shanya, nesa da murhu, a riƙa juya su safe da yamma, in ba haka ba su kumbura. Zai ɗauki kwanaki. Ni kuwa ba zan taɓa kayanka ba, ba bawanka ba ne ni. In kana so su tsira, kai za ka riƙa zuwa kana juya abinka."

Gottlob ya ɗago kai. "Ka ce ƙafata ba za ta sake taka gidanka ba."

"To da ka kake tsaye yanzu? Tashi, ɗauko tsofaffin jaridu a bayan ƙofa. Kuma ka kula da inda kake sa wannan ƙafar, akwai mutanenta a ƙasa."

Gottlob ya tashi, yana ɗaga ƙafa a hankali kamar mai tsallake ƙwai.

Ba a kama ɓarayin ba, kuma ko tarago ɗaya bai dawo ba. A taro na gaba Ottmar ya miƙe ya janye maganarsa da murya mai ƙarfi, fuska a murtuke, ya zauna bai dubi kowa ba. Kwalayen sun bushe cikin 'yan kwanaki, amma sun daɗe a ɗakin bayan haka, domin kullum ɗayansu na samun wata kusurwa da ya ce da sauran ɗanshi. Fushin bai tafi gaba ɗaya ba. Wata rana yakan taso wa Ottmar suna tsakiyar gyaran dajin Irmgard tare, ya ajiye gam ya zazzaga wa Gottlob abin da ya riga ya faɗa sau da yawa, Gottlob ya saurara har ya gama, sannan ya miƙa masa bishiyar da ya ɗago.

Allah Shi ne masanin bayinsa, na gabas da na yamma, kuma gare Shi kowa zai koma. Ya Ubangiji, ka jiƙan waɗanda suka riga mu kwanciya, ka yalwata musu makwanci, ka sanyaya zukatan da suka bari. Wanda ya karanta wannan kuwa, Allah ya tsare masa gidansa daga hannun azzalumi, ya tsare harshensa ranar da ransa ya ɓaci, ya bar shi da maƙwabcin da zai jure shi. Amin.